Takardar da Na Hana Isufu Karɓa

Shekara ashirin da shida ke nan, a lissafin watan Musulunci, da muka ɗauko Isufu daga ɗakinsa na haya a Sabon Garin Maraɗi muka kai shi Tsibiri, muka rufe shi kusa da mahaifiyarsa. Ni na yi masa wanka, ni na ja sallarsa. Da yawa daga waɗanda suka tsaya a sahu ran nan sun bi shi, sauranmu muna jiran kira. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani game da shi tun ina iyawa. Ni da ajami nake rubutu. Abin da kuke karantawa an juya shi ne zuwa boko, an karanta mini, na yarda da shi.

Isufu taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana. Tun muna yara ni ina ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, har ya koma ga Allah ba mu raba wannan gardama ba. A gaban malami ɗaya muka riƙe allo. Ni na zarce da karatu, shi ya tsaya da zarar ya iya abin sallarsa da rubuta wasiƙa. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, ba wanda ya taka ta a cikinmu, don iyayenmu ba su yarda da ita ba a wancan zamani.

In an tambaye ni sana'arsa, har yau sai in yi jim. Ba likita ba ne, ba akawu ba ne, ba mai gadi ba ne. Aikinsa shi ne ya duba wurin da mutane ke taruwa neman biyan wata buƙata, ya gano abin da ke wahalar da su, ya sake tsara wurin. Wani ɗan ƙanena da ke aiki a Yamai ya ce mini yanzu wannan abu ana karanta shi a manyan makarantu, har a ba mutum difilom a kansa, a riƙa kiransa taro a ƙasashe. Na yi ta mamaki. A zamanin Isufu aikin ko suna ba shi da shi.

A tasha ya fara, yana ɗan kamasho a layin motocin Tsibiri. Kullum faɗa ake yi a hanya, saboda mai sauka kusa yana can ƙuryar mota, kayansa a ƙarƙashin buhunan kowa. Isufu ya fara tambayar kowane fasinja inda zai sauka tun kafin ya hau, ya zaunar da na nesa ciki, na kusa a bakin ƙofa, kaya ma haka. Abu ne da in ka ji za ka ce ai kowa ya san wannan. To, shekara da shekaru ana lodi a tashar nan, ba wanda ya yi. Daga nan wani Alhaji mai fataucin hatsi ya ɗauke shi. Siton Alhajin ƙofa ɗaya gare shi, matan da ke sayen tiya-tiya da 'yan dako masu loda manyan motoci duk ta nan suke cusa kai. Isufu ya kwana uku yana zuwa ya zauna cikin masu saye yana kallo. A rana ta huɗu ya ce a fasa bango ta gefen da inuwa take da hantsi, a yi wa mata ƙofarsu. Alhaji ya yi ƙorafin kuɗin magini, amma ya fasa. Bayan wata ɗaya yana cewa duk wanda ya zo gaishe shi, “Wanga mutum ido gare shi.”

Ɗabi'arsa ke nan a ko'ina. Ba ya taɓa komai sai ya zauna inda mai jira ke zama, ya ji ranar da yake ji, ya ji tsawar da ake yi masa. Mun saba cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Isufu yakan ce wannan gaskiya ce a gidan mutum, amma a wurin da ake yi wa jama'a hidima, wanda ke tsaye a waje shi ruwan ke zuba a kansa.

Babban aikinsa, wanda kuma a kansa nake wannan rubutu, a wani ƙaramin gidan likita ya yi shi, can bakin gari, inda mata ke kawo jarirai awo da rigakafi. Shugaban wurin, wanda kowa ke kira Majo, mutumin kirki ne mai saurin fushi. Ya kai kuka wurin Alhaji cewa matan ƙauye sun gagare shi: su zo sau ɗaya ba su dawo ba, a nemi sunan yaro a rajista a rasa, kullum ana hayaniya a bakin tebur. Alhaji ya ba shi aron Isufu na mako guda. Makon nan shi ya zama shekara biyar.

Kwana bakwai ya yi a gindin dalbejiyar da ke harabar wurin yana kallo. Sannan ya tafi ƙauyen Jiratawa ya kwana, da safe ya biyo amalanken da ke kawo mata gari, ya ji hirarsu a hanya. Abin da ya gano, kowannenmu ya san shi tun a goye, sai dai ba wanda ya haɗa shi da rajista. Mace mai kunya a ƙasarmu ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta kuma faɗin sunan ɗanta na fari. Akawu kuwa tambayarsa biyu ce: sunan yaro, sunan uba. Sai yarinya ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Akawu ya maimaita da ƙarfi, ya haɗa da Faransanci. Ta ce “mai sunan baba,” ko ta ce “yaron nan,” ko ta faɗi wani laƙabi da kaka ta sa masa. Akawu ya rubuta abin da ya ga dama. Wata mai zuwa, in karne ɗin yaron, wato katin awonsa, ya jiƙe ko ya ɓata, a buɗe rajista ba a same shi ba, a sake yi mata tsawa a gaban mutane. Wace ce za ta dawo karo na uku?

Isufu bai ce a koya wa mata faɗin suna ba, bai kuma ce a canza akawu ba. Tabarmi ya roƙa. Ya shimfiɗa su a inuwa, kowane ƙauye da tabarmarsa, kowace unguwa da tata. Mata suka riƙa shiga biyu-biyu daga tabarma ɗaya. In an zo wurin suna, maƙwabciya ta faɗi na 'yar'uwarta, ita kuwa ta kau da kai kamar ba da ita ake ba, sannan su juya. Tabarmar da ta fi nisa da gida ita ke fara shiga, don su koma kafin rana ta take, su samu dakan abincin dare. Na taɓa zuwa na gani da idona. Wata tana faɗin sunan mijin ƙawarta tana ja da gangan, tana ƙara masa kirari, ƙawar tana mintsininta, akawu kansa yana dariya. Wurin da dā ake fita da hawaye ya koma kamar gidan suna. Majo ya sa aka ba Isufu kujera 'yar tsugunne da ɗan abin goro daga akwatin komite. Mata suka sa masa Mai Tabarma, kuma wannan shi ne kaɗai muƙamin da ya taɓa riƙewa a duniya.

Sai zamani ya juya. Aka yi babban taron ƙasa, aka buɗe ƙofar jam'iyyu, kowa ya samu bakin magana. Ban ce sharri ba ne, mu ma mun yi murna. Amma tare da shi yajin aiki ya zo, wata biye da wata, sannan darajar kuɗin sefa ta faɗi, magani ya yi tsada, zukata suka yi zafi. Wasu mazajen cikin gari suka fara cewa, don me matarsu da ta zo tun sassafe za ta jira 'yar ƙauyen da ta zo da hantsi? Yanzu dimokuraɗiyya ake yi, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Aka ƙara da cewa Isufu yana fifita ƙauyukan nan ne don jam'iyya kaza suke yi. Mutumin da ko katin jam'iyya bai taɓa riƙewa ba. Amma zancen duniya iyawa ne, kuma a lokacin ba a buƙatar hujja, ya isa a ce an ce.

Ana cikin haka wani furoje, wato shirin tallafi, ya zo da kuɗin waje don gyara ƙananan gidajen likita. Za su sake rufi, su kawo firij na rigakafi, su kuma kafa muƙami na mai kula da karɓar jama'a, da albashinsa. Wato aikin da Isufu ya ƙago da kansa, yau za a ba shi suna. Sharaɗi ɗaya ne: mai nema ya kawo satifika na gama firamare, ko abin da ya fi. Madam ɗin da ke jagorantar furoje ba muguwa ba ce, ban yarda a ce haka ba. Ta yi safiya guda a gindin dalbejiyar nan tana kallon tabarmi tana rubutu, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Amma ta ce sharaɗin a Yamai aka rubuta shi, ita ba ta da ikon goge harafi ɗaya. Majo ya rubuta takarda ya aika. Shiru.

Alhaji ne ya kawo mafita irin tasa. Ya ce ya san mai yin takarda, da hatimi da sa hannu, wadda ko wanda ya ƙago lakwal ba zai gane ta ba. Kafin Juma'a tana hannu, shi zai biya. Ya ce rabin waɗanda ke zaune a ofisoshi ma da irinta suka shiga.

Bayan la'asar Isufu ya same ni a zaure. Ya cire takalmi, ya zauna nesa da ni kaɗan, ba kamar yadda ya saba ba.

“Bawana, fatawa na zo nema.”

Na ce, “Yau kuma? Ashe ka san ubangidanka malami ne.”

Bai yi dariya ba. Ya kwashe zancen Alhaji ya faɗa mini duka, sannan ya ce, “Mi ka gani?”

Ban ko yi dogon tunani ba, don mas'alar ba mai wuya ba ce. Na ce masa shaidar zur ce. Takardar za ta ce ka zauna aji shida, kai kuwa ba ka taɓa zama ko ɗaya ba. Duk abin da ka ci a kanta, a kan ƙarya ka ci shi, da kai da iyalinka.

Ya ce, “Ba albashin ba ne, Habu. In na tahi, wa zai shimfiɗa tabarmin?”

Na ce, “Wanda ya bar abu don Allah, Allah zai musanya masa da mafi alheri. Mafita za ta zo.”

Na faɗi wannan ne, bayana a jingine da bango, carbi a hannuna, cikina a ƙoshe. Ya ce to, ya sa takalminsa, ya tafi ya ba Alhaji haƙuri.

Muƙamin ya tafi ga wani saurayi mai difilom. Yana da ladabi, yana gaida manya, ba ni da abin da zan ce a kansa. Abin da aka koya masa a wurin horo shi ya yi: tikiti mai lamba, wanda ya riga zuwa ya riga shiga, kuma ɗaya bayan ɗaya, don a kiyaye sirrin marar lafiya. Aka naɗe tabarmi aka jingine su a bayan sito. Masu ƙorafin cikin gari suka yi shiru, an yi adalci.

Ban zauna ba, ko da yake zaman da tafiyar duk ɗaya suka zama. Na je wurin Majo, ya buɗe tafin hannuwansa ya nuna mini. Na je wurin mai unguwa, ya ce in ya sa baki za a ce shi ma ɗan jam'iyya kaza ne. Na zauna na rubuta wa furoje wasiƙa da ajami, shafi huɗu, na bayyana zancen suna da kunya dalla-dalla. Aka dawo mini da ita, aka ce a juya ta zuwa Faransanci. Na biya aka juya, ta koma rabin shafi. Na kai. Har yau ban san ko wani ya karanta ta ba. In ka ga ruwa ya ci gonar maƙwabcinka kana tsaye a kan tudu, ihu kaɗai ne naka, kuma ruwa ba ya jin ihu.

Isufu ya yi watanni yana zuwa bakin ƙofar wurin da safe, daga waje. Ya san lambobi tun zamanin tasha, sai ya riƙa karanta wa mata tikitinsu, yana ce musu ke bayan mai jan kallabi kike, ke kuma bayan waccan. Wadda ya ga ta zo da ɗan fari, sai ya tambayi maƙwabciyarta sunan, ya rubuta da ajami a bayan tikitin. Amma akawu ba ya karanta ajami. Daga baya aka ce yana sayar da layi, aka sa mai gadi ya kore shi. Mai gadin da suka shekara biyar suna cin goro ɗaya, ya zo yana ba shi haƙuri yana share ido. Isufu ya koma siton Alhaji yana auna gero. Ba a jima ba sojoji suka karɓi mulki, masu kuɗin waje suka naɗe kayansu, furoje ya tashi. Albashin ya tsaya, saurayin ya nemi wani aiki ya tafi. Rufin ya zauna, tikiti ma ya zauna, don an riga an buga su da yawa. Kujerar da aka hana Isufu ta koma ba kowa a kanta, kuma ba wanda ya tuna ya kira shi.

Da bazarar shekarar da ta biyo ƙyanda ta shiga ƙauyuka. An kira ni Jiratawa sallar gawa fiye da sau ɗaya, kuma gawawwakin ba su da nauyi. Ba zan ce tabarma ce za ta hana ba. Ajali ba ya jiran layi, maganin ma a shekarar sau da yawa babu shi. Amma akwai ranar da muka je tare da Isufu, muna fitowa daga maƙabarta ya ce mini ya san uwar yaron. Ɗan farinta ne. Ta je sau ɗaya bayan an naɗe tabarmi, aka tambaye ta suna ita kaɗai a cikin ɗaki, ba ta sake komawa ba. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin hatsi. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Haka muka dawo Maraɗi.

Kwanakin baya ciwon ƙafa ya kai ni wani gidan likita a cikin gari. Kabu-kabu ya sauke ni, aka ba ni lamba, na zauna a benci. Ina jin 'yan mata suna faɗin sunan mazajensu a bakin tebur ko ƙifta ido ba sa yi, wata ma waya ta ciro ta nuna. Na ce a raina, da Isufu ya ga wannan me zai ce? Na san ba zai ce duniya ta lalace ba, wannan irin maganata ce ba tasa ba. Zai nemi wuri ya zauna kwana bakwai, ya gano abin da mutanen yau ke jin nauyin faɗa, don kowane zamani da abin da yake sunkuyar da kai a kansa. Kusa da ni akwai wani dattijo riƙe da tikitinsa a juye, an kira lambarsa sau biyu bai sani ba, aka wuce. Ni ma ban sani ba, sai da ma'aikaci ya zo yana masa faɗa. Muna nan zaune mu biyu, tsofaffi masu karatun allo, ba wanda ya iya taimakon wani. Da Isufu zai dawo yau, ina jin abin da za a fara tambayarsa shi ne dai takardar nan.

Me ya rage na Isufu? In an bi ta abin da ido ke gani, kaɗan ne. Babu sunansa a bangon ko'ina. Bai bar almajiri a sana'arsa ba, don sana'ar da ba ta da suna ba a kai ɗa koyonta. Ya bar 'ya'ya mata biyu a Tsibiri, da jikoki da ba su san abin da kakansu ya yi ba. Akwai kuma manyan mutane a ƙauyukan nan, masu gemu da iyali, da aka yi musu rigakafi cikakke a shekaru biyar ɗin nan don wata maƙwabciya ta faɗi sunansu a madadin uwarsu. Ba su san shi ba, ba za su taɓa sani ba. Wannan yana wurin Wanda ba ya mantuwa.

Abin da ya rage a wurina kuwa tambaya ce. Na kai mas'alar nan gaban malamai uku da suka fi ni sani, ba tare da na ambaci suna ba. Dukansu sun ce fatawata daidai ce. Ni ma na san daidai ce, kuma in an sake tambayata ban ga yadda zan faɗi wata ba. Amma sanin nan bai taɓa hana ni tuna hanyar Jiratawa ba.

Kwana uku kafin rasuwarsa na je duba shi da hantsi. Ciwon ƙirji ya cinye shi, yana kwance yana kallon rufi. Na daure na faɗi abin da na shekara ina haɗiyewa. Na ce, “Isufu, da ban hana ka takardar nan ba.”

Ya juyo da kansa a hankali. Ya ce, “Habu, garin ga cike yake da malamai. Da wanda zai ce mini in karɓa nake nema, ai na san ƙofar gidansa.”

Ya faɗi haka ne don ya sauke mini kaya, don har a kan tabarmar mutuwa bai iya ganin mutum cikin takura ya ƙyale shi ba. Kayan ba su sauka ba, amma wannan ba laifinsa ba ne.

Ya Allah, bawanka Isufu ya yi rayuwarsa yana nema wa bayinka hanyar da za su wuce ba a tozarta su ba. Ka karɓe shi kamar yadda ya karɓe su, kada a tambaye shi abin da zai ji kunyar faɗa.